Dakalin Colston: Yini Guda a Ƙafa Cikin Bristol

Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Temple Meads ta Bristol yakan ci kamar awa ɗaya da minti 40. Na shiga na safe, don abin da ya kai ni, wato bin sawun mutum-mutumin Edward Colston, ɗan cinikin bayin da masu zanga-zanga suka kayar daga dakalinsa a 2020, yini guda yake so, kuma da ƙafa ake yin sa. Wanda zai bi sawuna kada ya zaɓi Litinin, ran nan gidan tarihi na M Shed a rufe yake, alhali can ne zuciyar tafiyar. Shiga kyauta ne. A riƙe rigar ruwa ko da an fito da rana, yammacin Ingila ba a shaidar samansa.

Daga tasha na bi ta unguwar Redcliffe, na ratsa wani lungu mai suna Thomas Lane inda tsohuwar mashayar Seven Stars take. A 1787 Thomas Clarkson, mai yaƙi da cinikin bayi, ya riƙa zuwa nan yana tattara shaida daga bakin matuƙan jiragen bayi, shaidar da daga baya aka kafa hujja da ita a majalisar dokoki. Akwai allo a bango da ya faɗi haka. Ban daɗe ba. Na haye gadar Bristol, na gangara tsakiyar gari. Duka tafiyar ba ta wuce minti 20 zuwa 25 ba.

Dakalin yana nan a tsakiyar titi, tsakanin motocin haya da masu keke. Farin dutse ne irin na Portland, tsayinsa ya ɗan haura mita 3, kusurwoyinsa ɗauke da kifayen dolfin na tagulla, tambarin gidan Colston. Samansa wayam. Daga Nuwamban 1895 zuwa 7 ga Yunin 2020 mutum-mutumin Edward Colston ne a kai, na tagulla, mai tsayin mita 2 da santimita 64, ya dogara da sanda, ya yi tagumi. Tsohon allon ya ce mutanen Bristol ne suka kafa shi don tunawa da ɗaya daga cikin mafi nagarta da hikima a 'ya'yan birninsu. Babu kalmar bawa ko ɗaya a jikin allon.

An haifi Colston a Bristol a 1636, ya mutu a 1721 a Mortlake kusa da Landan, inda ya yi yawancin girmansa. A 1680 ya shiga kamfanin Royal African Company, wanda sarautar Ingila ta ba shi kaɗai izinin fatauci a gaɓar Afirka ta Yamma, da babban sansaninsa a Cape Coast ta Gana ta yau. Ya kai muƙamin mataimakin gwamnan kamfanin a 1689, ya fita a 1692. A waɗannan shekaru 12 jiragen kamfanin sun kwashi mutane kimanin 84,000, cikinsu yara kimanin 12,000. Kimanin 19,000 ba su ga ɗaya gaɓar ba, a teku aka zubar da gawarwakinsu. Da ƙarfe mai zafi ake ɗana musu haruffan kamfanin a ƙirji. Wannan mutumin ne kuma ya gina gidajen gajiyayyu a tudun St Michael, ya kafa makarantar yara maza 100 a 1710, ya zuba dukiya a coci-coci da asibitoci. Duka biyun gaskiya ne, babu mai musun ko ɗaya. Rigimar ita ce wanne aka rubuta a tagulla, wanne aka bari a ɗakin ajiyar takardu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gaban dakalin shi ne lissafin shekaru. Tsakanin mutuwar Colston da kafa masa mutum-mutumi shekara 174 ce. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, ta soke bautar a 1833, sai bayan shekara 62 aka ɗora shi. Ke nan waɗanda suka kafa shi ba su san shi ba, kakanninsu ma ba su san shi ba. 'Yan kasuwar ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya ne, a gaba-gabansu wani mai maɗaba'a James Arrowsmith, kuma sun yi hakan ne a lokacin da yajin aikin ma'aikata ke girgiza birnin, na 1889 da arangamar Disamban 1892. Suna bukatar uban gari mai kyauta da za su nuna wa talaka. Kuɗin ma da aka nema a wajen jama'a bai cika da wuri ba, sai da aka yi ta maimaita roƙo. A shekarun nan ne kuma Turai ke rabon Afirka, shekara 8 bayan an yaye ƙyallen mutum-mutumin sojojin Lugard suka shiga Kano. Don haka duk lokacin da na ji an ce kayar da shi share tarihi ne, tambayar da nake yi ita ce tarihin wace shekara. Tagullar nan shaida ce a kan 1895 da abin da manyan Bristol suke so a gani a lokacin. Game da 1680 ba ta faɗi komai ba.

Masu kare shi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa makarantun da ya kafa sun ilimantar da dubban yara, cewa ba a auna mutumin ƙarni na 17 da mudun yau, kuma idan taron jama'a zai riƙa yanke hukunci da igiya, gobe wani taron zai zo da tasa igiyar a kan wanda kake so. A 2014 jaridar garin ta tambayi masu karatunta, kashi 56 suka ce a bar shi, 44 suka ce a cire. Gari ne da ya rabu kusan biyu.

To me ya hana a sasanta? Nan ne aikin ya lalace, kuma dalla-dallarsa abin koyo ne ga duk wata hukuma. Tun 1977 an sa mutum-mutumin cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, aji na biyu, ma'ana ko ƙusa ba a buga masa sai da izini na musamman. Cire shi gaba ɗaya ta hanyar takarda abu ne mai wuya ƙwarai. Sai a 2018 majalisar birni ta ɗauki hanya mai sauƙi, a ƙara allo na biyu da zai faɗi abin da na farko ya ɓoye. Daftarin farko, wanda masaniyar tarihi Madge Dresser da 'yan makarantar firamare suka sa hannu a ciki, ya ambaci 84,000 da yara 12,000 da mamata 19,000, ya ce Colston ɗan majalisa ne na jam'iyyar Tory, kuma sadakarsa ba ta kai ga wanda bai bi aƙidarsa ta addini da siyasa ba. Aka yi ca. Aka sake rubutawa da hannun wani ɗan ƙungiyar Merchant Venturers, tsohuwar ƙungiyar attajiran birnin da ta daɗe tana riƙe da wasu wakafan Colston. A sabon rubutun kyautarsa ta koma gaba, adadin yaran ya fita, sunan jam'iyya ya fita, kalmar da ke nuna safarar mutane aka musanya ta da mai laushi wadda ke nufin jigila kawai. Har an zuba allon a maƙera, a Maris 2019 magajin gari Marvin Rees ya ce ba za a manna shi ba, sai an sake. Ba a sake ba. Wata 15 bayan haka babu allo, babu ranar da aka sa.

A ganina wannan jan ƙafar ne ya kayar da Colston tun kafin igiya ta zo. An ba wa ɓangare ɗaya mai ruwa da tsaki alƙalamin gyara, ba a sa wa'adi ba, ba a fayyace wa ke da maganar ƙarshe ba. Shekara da shekaru mutane suna rubuta koke suna bin layi, suka ga jimla uku ma ta gagara.

Ran Lahadi 7 ga Yunin 2020, kwana 13 bayan kashe George Floyd a Amurka, mutane kimanin 10,000 suka fito. Aka yaye baƙin ƙyallen da aka lulluɓe mutum-mutumin da shi, aka zarga masa igiya, aka ja. Cikinsa holoƙo ne, kamar yawancin aikin zubin tagulla, bai yi gardama ba. Wani ya durƙusa a wuyansa kamar yadda aka yi wa Floyd. Aka fesa masa fenti ja da shuɗi, aka mirgina shi. 'Yan sanda suna wurin, shugabansu ya zaɓi kada su shiga, yana ganin shigar za ta haifar da abin da ya fi faɗuwar tagulla muni.

Na bi hanyar da aka mirgina shi, kusan rabin kilomita, daga dakalin zuwa bakin ruwa. Minti 7 ne a tafiyar hankali, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, daga baya dutsen daɓe mai gargada, wanda shi ya ƙara gurje masa jiki. Inda aka tura shi ruwa dab yake da gadar Pero. An buɗe gadar a 1999, ta masu ƙafa ce, tana da wasu manyan ƙahoni biyu na ƙarfe, waɗanda ba ado kaɗai ba ne, nauyinsu ne ke rinjayar tsakiyar gadar idan za a ɗaga ta jirgi ya wuce. Pero Jones bawa ne. John Pinney mai gonar rake a tsibirin Nevis ya saye shi a 1765 yana ɗan shekara 12, tare da 'yan'uwansa mata biyu, ya zo da shi Ingila a 1783. Ya yi masa hidima shekara 32, ya mutu a 1798 ba a 'yanta shi ba. Gidan Pinney yana nan a lamba 7 Great George Street, an mai da shi gidan tarihi, hawan tudu ne na minti 10 daga gadar. Ba duk shekara yake buɗe ba, a duba kafin a hau.

A tsaye a kan gadar ne mutum zai gane wani abu da hayaniyar Colston takan rufe. Kamfaninsa na Landan ne, kuma 'yan kasuwar Bristol su ne suka yi ta matsa wa majalisa a karya masa kaka-gida don su ma su samu shiga. Sun samu a 1698. Daga nan zuwa 1807 jirage sama da 2,000 suka tashi daga wannan ruwan, suka kwashi 'yan Afirka kimanin rabin miliyan. Ninki shida ke nan na adadin da ake jingina wa zamanin Colston, kuma masu jiragen ba su da mutum-mutumin da za a ja. Dukiyarsu tana cikin gidajen Queen Square, da matatun sukari, da sunan Guinea Street. Da aka soke bauta kuma iyayen gijin aka biya diyya, fam miliyan 20 a faɗin daular, bayin ba su ga ko kwabo ba. Wanda ya ɗauka faɗuwar mutum ɗaya ta biya bashin birnin bai yi lissafi ba.

Na haye gadar Pero, na bi bakin ruwa, na sake haye gadar Prince Street zuwa M Shed. Tsohon sito ne na kayan jiragen ruwa da aka gina a shekarun 1950, aka mai da shi gidan tarihi a 2011, manyan injinan ɗaga kaya guda huɗu suna tsaye a gabansa. A bangon waje akwai ƙaramin allo na 1997 don tunawa da 'yan Afirkan da bautarsu ta arzuta birnin. Yawancin masu wucewa ba sa lura da shi.

Colston yana ciki, a kwance rigingine cikin akwatin gilashi. Fuskarsa ja, jikinsa da rubuce-rubucen fenti, sandarsa babu, gefen rigarsa ya ɓalle, ƙafarsa da rami. Kwana huɗu ya yi a ruwa, aka ciro shi da asubar 11 ga Yuni, don tashar tana aiki kuma yana iya kama ƙasan jirgi. Ya fito cike da taɓo, har da tayar keke a maƙale.

Aikin masu adana kayan tarihi a nan ya cancanci a tsaya a kansa, don akasin abin da suka saba ne. A al'ada idan aka kawo tagulla da fenti, goge fentin ake yi. Nan kuwa fentin ne abin tsarewa. Sai da suka fara fitar da taɓon cikin da ruwa, domin laka mai danshi idan ta zauna a cikin holoƙon tagulla tana riƙe gishiri, gishiri da danshi kuma su ke haifar da koren garin nan mai cin ƙarfe daga ciki. Amma ruwan da zai wanke laka shi ne zai iya ɗaye fentin feshi, wanda bai kama jikin tagulla sosai ba, ga shi an ja shi a kan dutse. Dole wankin waje ya zama a hankali, a bar shi ya bushe, a daidaita inda fentin ke ɓarewa. Ba a miƙe abin da ya lanƙwashe ba, ba a toshe rami ba, ba a ƙera sabuwar sanda ba. A cikin wannan aiki ne suka ci karo da wata mujalla ta 1895 a naɗe cikin rigar, masu kafa shi sun rubuta sunayensu a jiki da kwanan wata, 26 ga Oktoba. Kwanciyar ma da dalili biyu. Gindinsa ya lalace, ba zai tsaya ba sai an yi masa madogara, kuma da aka tambayi jama'a yawancinsu a kwance suka ce suna so, da fentinsa.

Tambayar jama'ar an yi ta ne a 2021, lokacin da aka fara baje shi na wucin gadi tare da kwalayen zanga-zanga, waɗanda aka tsince sama da 500 a ranar. Kusan mutum 14,000 suka amsa. Cikin mazauna Bristol, huɗu cikin biyar suka ce gidan tarihi ne wurinsa, kimanin kashi 65 suka ce sun ji daɗin faɗuwarsa. Saura kuwa ba 'yan kaɗan ba ne, kuma an rubuta ra'ayinsu a bangon ɗakin tare da na sauran. Abin da ya kamata a yi a 2018 ke nan, sai bayan ɓarin aka yi shi. Doka ma ba ta saki ba. Tun da har yanzu abin kariya ne a takarda, sai da majalisar birni ta nemi izini a hukumance kafin ta tabbatar da zamansa a gidan tarihi, aka ba ta a Fabrairun 2024, aka buɗe baje kolin dindindin a Maris.

Na daɗe a gaban gilashin. Mutum-mutumi a kan dakali daga ƙasa ake kallonsa, wuya a ɗage, an gina shi ne don haka. A nan kai ne a sama. Ana ganin sawun zubi, da kaurin tagullar a inda ta tsage, da aikin John Cassidy wanda ya sassaƙa shi, gwani ne ba shakka. A jikin abu ɗaya ga 1895 ga 2020, a bango ga 1680. Shekara 125 yana tsaye bai koyar da ko kashi ɗaya na wannan ba.

Shari'ar da ta biyo baya gajeriya ce a faɗa. An gurfanar da mutum huɗu kan lalata dukiya, an ƙiyasta ɓarnar mutum-mutumin fam 3,750. Ba su musanta sun yi ba. Lauyoyinsu suka ce kasancewarsa a wurin ita kanta cin zarafi ce ga jama'a, kuma sun yi imani masu shi, wato mutanen Bristol, za su yarda. Masanin tarihi David Olusoga ya ba da shaida kan kamfanin. Ran 5 ga Janairun 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su. Gwamnati ba ta ji daɗi ba. Antoni janar Suella Braverman ta kai tambaya kotun ɗaukaka ƙara, wadda ta ce 'yancin zanga-zanga ba ya kare ɓarna mai yawa, ko da yake ba ta taɓa wankewar huɗun ba. A shekarar kuma aka yi dokar da ta kai hukuncin lalata abin tunawa har ɗaurin shekara 10 komai ƙanƙantar kuɗinsa, bayan a da ɓarnar da ba ta kai fam 5,000 ba wata 3 ne iyakarta. Manufar gwamnati tun 2021 ita ce a bar abu a inda yake a yi masa bayani. Manufa ce mai ma'ana, sai dai ita ce Bristol ta gwada a 2018, kuma ba ta amsa tambayar da ta kashe waccan ba, wato wa zai rubuta bayanin.

Sunan kuwa ya yi ta zubewa. Babban zauren kiɗa na Colston Hall ya koma Bristol Beacon, makarantar 'yan mata ta koma Montpelier, cocin St Mary Redcliffe da babban cocin birni sun cire gilasan tagogin da aka sadaukar masa, jami'a ta yanke shawarar cire dolfin daga tambarinta amma ta bar sunayen gine-ginen gidan Wills masu taba. Kabarinsa yana nan a cocin All Saints, ba a taɓa shi ba.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da al'adar kafa siffar mutum a mararraba, addini ma bai ba da fuska ba, sai wani ya ɗauka wannan rigimar Turawa ce. Namu a suna yake da gini. Majalisar dokokin Kaduna a zauren Lugard take zama. A Maijirgi ta ƙasar Tasawa akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa waɗanda suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a 1899. A Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi suka sa na Djibo Bakary, suka musanya hoton Monteil, wani hafsan Faransa, da na Thomas Sankara. Ina goyon bayan gari ya zaɓi wanda zai girmama. Abin da zan roƙa, bayan na ga akwatin gilashin nan, shi ne abin da aka cire kada a narkar, kada a jefar. A ajiye shi inda ɗalibi zai gani, a rubuta wa ya kafa, a wace shekara, don me, wa ya cire. In za mu rubuta kuma, mu rubuta har da namu, domin kasuwannin bayi na cikin ƙasarmu ba Colston ne ya buɗe su ba.

Da la'asar na hau motar haya zuwa Henbury, arewacin birni, tafiyar kamar rabin awa. A maƙabartar cocin St Mary akwai kabarin wani saurayi da iyayen gidansa suka raɗa wa Scipio Africanus, baran wani basarake, ya mutu ran 21 ga Disamban 1720 yana da shekara 18, shekara guda kafin Colston. Duwatsu biyu ne, na kai da na ƙafa, masu fenti, da zanen fuskokin yara baƙaƙe masu fukafukai. Sunan da uwarsa ta kira shi da shi ba ya jiki. Kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Colston wani ya zo da dare ya fasa dutsen kai gida biyu, ya rubuta da alli a ƙasa cewa a mayar da mutum-mutumin. Jama'a suka yi karo-karo aka gyara, aka mayar da shi wurinsa. Yana kusa da hanyar shiga cocin, kuma da hasken yamma rubutun ya fi karantuwa.